Daga Ina Hazon Hunturu Yake Zuwa?

Duk shekara, da zarar kaka ta wuce, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, hazo ya lulluɓe Kano da Maiduguri da Damagaram, har wani lokaci jiragen sama su kasa sauka. Jama'a da yawa sun ɗauka ƙurar gari ce kurum iska ta tayar. Amma masana kimiyya sun tabbatar da cewa ƙurar nan ta sha tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma labarinta ya shafi iska da ruwa da ƙasa da masu rai, wato sassa huɗun da masanan suka kasa duniya a cikinsu.

Ita dai iskar da ta kewaye duniya hawa-hawa ce. Hawan ƙasa, wanda ake kira turofosfiya, tsayinsa kimanin kilomita 8 ne a can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, amma a ƙasashe masu zafi yakan kai 17. A cikinsa ne kashi uku cikin huɗu na nauyin iskar duniya yake, haka kuma kusan dukan tururin ruwa, don haka a nan hadari yake haɗuwa, a nan guguwa take tashi. In mutum yana yin sama, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowane kilomita, abin da ya sa Jos, da ke bisa tsauni, ta fi Kano sanyi. Wani Bafaranshe, Leon Teisserenc de Bort, shi ne ya bayyana iyakar wannan hawa a 1902, bayan ya yi ta aika balan-balan sama ɗauke da ma'aunin zafi.

In aka cire tururi, kashi 78 cikin 100 na iskar nan naitirojin ce, kashi 21 kuwa oksijin ce, wadda numfashi da wuta suka dogara a kanta. Wata iska da ake kira agon ta kusa cike kashi ɗayan da ya rage. Duk da yawan naitirojin, shuka ba ta iya cin moriyarta kai tsaye, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa sun kamo ta sun sa a ƙasa. Ashe manomin da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya taki yake samu daga iska.

Kabon dayoksaid kuwa ba ta wuce ɗigo ba a cikin sauran, amma tana riƙe zafin da ƙasa ke mayarwa sama. A 1958, lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai, kashi 315 ce cikin miliyan. A 2024 ta haura 420, saboda ƙona man fetur da kwal da kuma sare dazuzzuka. Wannan ƙari shi ne babban dalilin ɗumamar duniya.

To, sai batun ruwa da ƙasa. Shekaru kimanin 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya fi murabba'in kilomita 300,000. Da damina ta yi ta raguwa, sai ya janye, ya bar wani busasshen kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, cike da farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yo kudu maso yamma da shi. Nan ne babban tushen hazon hunturu.

Ƙurar tana da amfani, tana kuma da illa. Inda ta sauka takan ƙara wa gonaki ƙarfi, kuma wani binciken hukumar NASA ta Amurka a 2015 ya nuna cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke ƙetare tekun Atlantika duk shekara, ta sauka a yankin dajin Amazon, ta zama masa taki. Amma busasshiyar iska mai ƙura tana raunana hanci da maƙogwaro, kuma da rani ne cutar sanƙarau ta fi ɓarkewa, kamar yadda ta yi a Nijeriya a 1996, inda ta kashe fiye da mutum 11,000.

Tafkin Chadi kansa ya sake nuna yadda sassan nan suke ɗaure da juna. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma bayan farin 1973 da na 1984 bai kai ushirin hakan ba, masunta da makiyaya da manoma suka bi ruwan da ke gudunsu, suka cunkushe a ɗan abin da ya saura. Saboda haka mai sare itace da mai cinna wa daji wuta ya kamata su sani cewa ƙasar da aka bari tsirara iska ce ke kwashe ta, kuma jama'a ne za su shaƙe ta.