Wutar Jin Ɗumi A Kanya Babba: Haɗarin Yana Nan Bayan An Tashi Hira

Daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa tsakiyar Fabrairu, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kunya ta ratsa Kanya Babba zuwa Babura da almuru, zai ga hayaƙi yana tashi daga kusan kowane gida. Wani na tuwon dare ne, wani kuwa na wutar jin ɗumi ne da ake hurawa a tsakar gida ko a ƙofar zaure, inda manya da yara kan kewaye ta suna hira har dare ya yi nisa. A makarantun allo ma da hasken wutar kara almajirai da yawa ke karatun dare da na asuba. Haka abin yake a sauran garuruwan arewa maso yammacin Jihar Jigawa, watau ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa.

Wannan al'ada ba abin zargi ba ce, domin sanyin hunturu a bakin iyakar Nijar ba wasa ba ne. Sai dai kuma lokacin da aka fi bukatar wuta shi ne lokacin da gida ya fi dacewa da gobara. An gama girbi, an cika rumbuna da gero da dawa, an jingine kara a jikin danga, an ɗora harawa a kan rufin ɗaki don abincin dabbobi. Ga zana, ga jinka, kowanne ya bushe ƙayau, ga kuma iska mai tahowa daga Sahara wadda ba ta ɗauke da laima. Tartsatsi guda ya isa ya cinye noman shekara.

Saboda haka wurin da aka kafa wutar shi ne abu na farko. Ma'aikatan kashe gobara sukan ba da shawara a bar tazarar aƙalla mita 3, watau kamar ƙafa 10, tsakanin wuta da duk wani abin da zai iya kamawa. A nan akwai abin da ya kamata mai gida ya lura da shi: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka dangar da ke kudu maso yamma da wutar ita tartsatsi zai nufa. Wanda ya tara kararsa a wannan kusurwa ya ajiye wa wuta abinci. Gina ɗan rami mai zurfin taƙi guda a kewaye shi da duwatsu ko tubali ya fi hura wuta a fili, domin iska ba ta samun damar kwasar garwashi. Amma a guji dutsen da ya jiƙe da ruwa, saboda yakan fashe in ya yi zafi. Kara da ƙaiƙayi suna ci bal-bal su watsa tartsatsi. Busasshen ice ya fi su natsuwa. Fetur kuwa ko a ce ba a zancensa. Mutanen Jigawa ba su manta da abin da ya auku a Majiya ba, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, a watan Oktoba na 2024, sa'ad da wutar tankar mai ta hallaka mutum fiye da 150. Galan ɗin man da ake ajiyewa a zaure don babur ko janareta irin wancan man ne, yawa kawai ya bambanta su.

Duk da haka, muddin mutane na zaune a bakin wuta akwai ido a kanta. Babban haɗarin yakan zo ne bayan an tashi hira, kuma ta hanya biyu.

Ta farko ita ce a bar garwashi a tsakar gida da zaton ya mutu. Mata sun daɗe da sanin cewa garwashin da aka binne cikin toka yakan kwana da ransa, shi ya sa a da ake tono shi da safe a hura, ko a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo wuta. Abin da ya sa toka ta zama ma'ajiyar wuta shi ne ya sa ta zama abin tsoro in iska ta tashi cikin dare ta yaye ta. Kashe wuta na sosai shi ne a yayyafa ruwa, a motsa tokar, a sake yayyafawa har ta daina huci. In ruwa ya yi wuya, a rufe ta da yashi mai kauri. Tokar da aka kwashe da safe ma kada a zuba ta a juji kusa da danga sai an tabbata ta huce.

Hanya ta biyu ta fi muni, domin ba ta da harshen wuta balle maƙwabta su gani su kawo gudummawa. Ita ce a kwashi garwashin a kasko a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, sai dai a zarce. In aka wayi gari aka tarar da mutanen ɗaki guda a sume, sau da yawa akan ɗora laifin a kan abincin dare ko iskokai, alhali kaskon yana nan a gindin gado.

Ya kamata ma'aikata da ɗalibai su san cewa wannan ya fi shafarsu. Tsohuwar bukka mai rufin ciyawa tana shan iska ta ko'ina. Ɗakin siminti mai silin da tagar gilashi, irin na gidajen ma'aikata da ɗakunan kwanan makaranta, shi ne ke riƙe gubar. Haka nan ɗakin mai jego, inda al'ada ta tanadi a riƙa ɗumama shi, yana bukatar a bar taga a buɗe, domin jariri ya fi kowa saurin galabaita. Wanda aka samu cikin wannan hali a fito da shi waje nan take, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Sai batun ƙuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 180,000 ke mutuwa kowace shekara sakamakon ƙuna, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Yara masu rarrafe suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, haka ma mata, musamman yanzu da mayafai da hijabai na yadin roba suka yawaita, waɗanda kan narke su manne da fata. Mai farfaɗiya kada a bar shi shi kaɗai a bakin wuta. In kuwa ya faɗa ciki a janye shi ba tare da shakka ba, domin ba a ɗaukar farfaɗiya ta hanyar taɓawa ko miyau, duk da camfin da ya hana mutane da yawa kai hannu.

In tufa ta kama, mutum ya kwanta ya yi birgima ko a lulluɓe shi da bargo, domin gudu ƙara hura wutar yake yi. Sa'an nan a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har tsawon minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. Ɗanyen ƙwai da manja da man goge baki da ake shafawa ba sa magani, ƙazanta suke ƙara wa ciwon. A rufe wurin da tsumma mai tsabta. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta shafi fuska ko hannu ko al'aura, ta asibiti ce. Ga mutanen Kanya Babba akwai Babban Asibitin Babura, in abin ya yi tsanani kuma akan tura majinyaci Kano, inda Asibitin Ƙashi na Dala yake da sashen kula da masu ƙuna.