Talla ko Makaranta?

A shekarar 1976, wadda a cikinta aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta. A 2004 kuma aka kafa doka wadda ta mai da karatun shekara tara na farko tilas, har da tarar Naira 2,000 ga mahaifin da ya sāke hana ɗansa bayan gargaɗi.

Duk da haka, wanda ya ratsa Fadaman Mada da hantsi zai ga 'yan mata ɗauke da farantin talla. Sau da yawa cinikin nan shi ne cefanen gidan, ko kuwa kuɗin kayan ɗakin yarinyar. Dokar ba ta faɗi abin da uwa za ta ɗora a murhu ba idan an sauke farantin.