Ƙyalle Ba Shara Ba Ne

Jama'a, kowa ya san sanyin hunturu. Ya kan fara a watan Nuwamba, ya tsananta a Disamba da Janairu. Da asuba sai ka ga yara sun kewaye murhu suna makyarkyata. A wani gidan bargo ɗaya ne, yara kuwa huɗu ko biyar. Wannan ya ja, wancan ya ja, ƙaraminsu ya kwana ba rufi.

Saboda haka mutane da yawa su kan shiga ɗaki da kaskon gawayi, su rufe ƙofa, su kwanta. Wannan haɗari ne babba. Gawayi yana fid da wata muguwar iska wadda ba a ganinta, ba ta kuma da wari. In ɗaki yana rufe, tana iya kashe mai barci. Ban da wannan, tartsatsi ɗaya ya isa ya kama katifa ko tabarma.

Abin da ya fi shi ne kowane yaro ya sami mayafinsa mai kauri. Ba lalle sai an saya ba. Muna iya ɗinka shi a gida, da ƙyallayen da mu ke zubarwa a juji.

Me Ya Sa Ya Ke Da Ɗumi?

Mayafi ba ya ba da zafi kamar wuta. Zafin na jikinmu ne, mayafi yana tsare shi ne kawai. In an ɗora zane bisa zane, iska ta kan maƙale a tsakaninsu. Iskar da ke tsaye wuri ɗaya kuwa ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Don haka tsofaffin zannuwa uku da aka ɗinke tare sun fi sabon zane ɗaya ɗumi nesa ba kusa ba.

Mayafin da za mu yi hawa uku ne. Na sama ƙyallaye ne da aka harhaɗa. Na tsakiya shi ne ciko. Na ƙasa kuwa zane ne ɗaya lafiyayye, shi ne shafi.

Ba Sabon Abu Ba Ne

Kakanninmu sun san wannan dabara. Wanda ya taɓa kallon hawan Salla ya ga 'yan lifida. Lifidi yadi ne biyu, an cusa audugar rimi a tsakani, an bi da ɗinki. A zamanin yaƙi shi ke tsare doki da mahayinsa daga kibiya. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji ne ya fara kawo shi, wajen shekara ta 1400.

A wasu ƙasashe ma haka a ke yi. Matan Bangaladash su kan jera tsofaffin zannuwansu, su ɗinke su wuri ɗaya, su yi mayafi. A Amurka akwai wani ƙauye na baƙar fata, sunansa Gee's Bend, a jihar Alabama. Matan wurin talakawa ne. Da tsofaffin rigunan gona da buhunan yadi su ke ɗinka mayafai don sanyi. A 2002 aka baje aikinsu a wani babban gidan nuni a birnin Houston. A 2006 kuma aka buga hoton mayafansu a kan sarki na aika wasiƙa. Ashe aikin tsumma ba abin kunya ba ne.

Tara Ƙyallaye

A sami jaka ɗaya a rataye a ɗaki. In an kai wa tela ɗinki, a ce ya ajiye ragowar yadin. Gab da Salla shagon tela cike ya ke da ƙyallaye, sau da yawa sharewa a ke yi. In riga ta mutu, ba duka ta ke mutuwa ba. Wuya da hammata su ke fara lalacewa, baya kuwa ya kan rage da ƙarfi. A yanke mai kyaun a jefa a jaka. Da yayyafi kogi kan cika.

Kafin a fara aiki, a yi abu uku.

Na ɗaya, a gwada ƙarfin kowane ƙyalle. A kama shi da hannu biyu a ja. In ya yage, ya ruɓe ke nan, sai a ajiye shi don ciko.

Na biyu, a ware na auduga daga na roba. Atamfa da shadda da akoko na auduga suna tafiya tare. Yadin roba yana santsi, in kuwa wuta ta taɓa shi sai ya narke ya manne wa fata. Kada a sa shi a mayafin yara.

Na uku, a wanke duka da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Sabon yadi ya kan tsuke a wankin farko. In an haɗa shi da tsoho ba a wanke ba, sai mayafin ya tattare daga baya. Wanki kuma shi ke tona ƙyallen da ke zuba, kamar baƙi da ja. Ruwan zafi da guga suna kashe ƙwarƙwata da kuɗin cizo.

Awo Da Yanka

Nan ne lissafinmu zai yi amfani. A sami kwali mai ƙarfi. A yanka shi tsawo inci 7, faɗi inci 7. Wannan shi ne ma'auninmu. A ɗora shi bisa ƙyalle, a zagaye da fensir ko alli, a yanka da almakashi. A lura gefen kwalin ya bi yadda zaren yadin ya miƙe. In an yanka a karkace, ƙyallen zai riƙa talewa.

Ɗinki zai ci rabin inci a kowane gefe. Watau ƙyalle mai inci 7 zai koma inci 6 in an haɗa.

Zanen atamfa na ɗaurawa yadi 2 ne, watau inci 72. Faɗinsa kuwa kamar inci 45. Muna son na saman ya ɗan kasa shafin, don a sami na kalmasawa. To, a jera ƙyalle 7 a faɗi, inci 42 ke nan. A yi layi 11 a tsawo, inci 66 ke nan. Bakwai sau goma sha ɗaya 77. Ƙyalle 77 mu ke bukata. Mayafin ƙaramin yaro kuwa 6 a faɗi, 8 a tsawo, watau 48.

Ƙananan ƙyallaye ma ba a yar da su. A haɗa biyu ko uku tukuna, sa'an nan a ɗora kwali a yanka.

Haɗawa

A shimfiɗa tabarma, a jera ƙyallayen a duba. Mai duhu kusa da mai haske, mai haske kusa da mai duhu. Kada ja ya taru a gefe ɗaya. Yara suna jin daɗin wannan aiki, a bar su su taya.

A ɗauki ƙyalle biyu, a haɗa su fuska da fuska. A ɗinke gefe ɗaya, rabin inci daga baki. Ɗinkin ya zama ƙanana, kusa da kusa. Bayan kowane huɗa huɗu ko biyar a koma baya sau ɗaya, don kada ya warware. A ƙara na uku, a ƙara na huɗu, har su cika 7. Layi ɗaya ya samu. In layuka 11 sun cika, a haɗa su da juna, a goge bakin ɗinkin ya kwanta. Mai keken ɗinki zai fi sauri, amma allura da zare sun isa. Wanda ya ɗinka layi ɗaya kullum, cikin kwana 11 ya gama layukan.

Hawa Uku

A shimfiɗa shafi a ƙasa, fuskarsa tana kallon tabarma. A ɗora ciko. Tsohon gwado ko tsofaffin zannuwa biyu sun fi sauƙi, ko da suna da huji. In auduga za a sa, a cire gurya sarai, don gurya tana kiran ɓera. A shiɓe ta, a baza ta daidai. Sa'an nan a ɗora na ƙyallayen a sama, fuskarsa tana kallon sama.

A shafe da hannu har ya miƙe. A kama hawa ukun da manyan ɗinki, don kada su zame. Sa'an nan a bi da ɗinki na sosai, allura tana ratsa duka ukun. A fara daga tsakiya a nufi baki. In an fara daga baki, yadi zai taru a tsakiya ya yi tudu. Tsakanin layin ɗinki da layin ɗinki kada ya wuce faɗin yatsu huɗu, in ba haka ba ciko zai dunƙule a wajen wanki. Daga ƙarshe a naɗo bakin shafin sama, a kalmasa shi kewaye, a zare manyan ɗinkin nan na farko.

A Kula

A ƙidaya allurai kafin aiki da bayan aiki. Kada a bar maɓalli ko zif a jikin ƙyalle. Kada a rufe jariri da mayafi mai nauyi, kada kuma a rufe masa fuska. In an wanke mayafi, a bar shi a rana har cikinsa ya bushe. In ƙyalle ɗaya ya yage, a yanka wani da kwalin nan a ɗora masa faci.

Wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Maza ke ɗinkin hula da aikin babbar riga, ba su da baƙunta da allura. Kada a bari sai sanyi ya sauka. A fara tara ƙyallaye tun da damina, a fara ɗinki da kaka. In hunturu ya zo, a bar kasko a waje, yara su yi barcinsu lafiya.

Tambayoyi

1. Don me ba a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki?
2. Don me a ke wanke ƙyallaye kafin a yanka?
3. In kina da ƙyalle 50, nawa ya rage ki cika 77?
4. Mayafin yara biyu, kowane 48, ƙyalle nawa ke nan?