Gaya: izinin riƙe bindiga bai halatta tsorata ma'aikata ba

A Gaya, garin da ke iyaka da Malanville ta Benin da Kamba ta Najeriya, fargabar 'yan fashi kan sa ɗan kasuwa tunanin ajiye bindiga a shago ko sito. Dokar Nijar ba ta yarda da haka ba sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI don tattara haramtattun makamai.

Sai dai izinin na mai sunan ne kaɗai. Maigidan da ya miƙa wa mai gadinsa ita ya jefa talaka cikin laifi. Wanda kuwa ya ɗora ta bisa tebur ana lissafin kuɗin leburori ya yi barazana ko bai ce uffan ba, domin babu leburan da zai ce an rage masa dala.