Damben Turawa: Tsoro Ne Ke Hana Manyan Zakaru Haɗuwa?

Idan aka gama yankan shinkafa a fadamun Auyo, hira takan yi yawa. A teburin mai shayi da gidan kallo, matasa sukan yi musu a kan damben Turawa, wanda ake kira boksin. Musun ya fi zafi a kan mutum biyu, Anthony Joshua da Tyson Fury. Dukansu 'yan Ingila ne, amma asalin iyayen Joshua daga Shagamu ne ta Jihar Ogun, shi ya sa 'yan Nijeriya ke ɗaukarsa nasu. Wasu su ce Fury ne ke gudu. Wasu su ce a'a, Joshua ne matsoraci. An shafe shekaru ana wannan musu, kuma har ƙarshen 2025 mutanen nan biyu ba su taɓa sa hannu da juna ba.

To, tsoro ne ko kuwa da wani abu a ƙasa?

Yadda muke auna jarumta

Mutumin ƙasar Haɗeja da damben gargajiya yake auna abin. A filin dambe komai a fili yake. Makaɗi ya kaɗa wa ɗan dambe takensa, ya taso ya yi kirari, ya je gaban wanda yake so ya miƙa masa hannu. In wancan ya amsa, sai a ɗaure zare a shiga. Turmi uku ake yi, ko a yi kisa, wato a kai mutum ƙasa, ko a raba su. In kuwa ya noƙe, duk 'yan kallo sun gani da idonsu. Shi ya sa har yau ake tuna Shago da Ɗandunawa, waɗanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa.

Damben Turawa ba haka yake ba. Ɗan dambe ba ya tashi kawai ya ce ga wanda zai dama da shi. Yana da manaja, da mai shirya masa wasa, da lauyoyi, da gidan talabijin da ya sayi izinin nuna wasansa. Abokin karawarsa ma yana da nasa. Sai duk waɗannan sun yarda, an rubuta takarda an sa hannu, kafin a shiga fili. Wannan ciniki yakan ci watanni.

Sarauta ɗaya, masu naɗi huɗu

Ajin da ake magana a kai shi ne na masu nauyi, wato waɗanda suka haura kilo 90. Wasan neman kambu turmi 12 ne, kowane turmi minti uku. In ba a yi kisa ba, alƙalai uku ne ke ba da maki.

Matsala ta farko ita ce hukumomin da ke ba da kambun duniya guda huɗu ne. Ana kiransu da haruffa: WBA, WBC, IBF da WBO. Kowace tana da ɗamararta, kuma kowace tana da jerin masu jiran gado. Lokaci lokaci takan ce wa zakaranta, ga wanda za ka kara da shi dole. In ya ƙi, sai ta karɓe ɗamararta. Kamar a ce gari ɗaya yana da masu naɗa sarki gida huɗu, kowane gida da ɗan takararsa. Mai ɗamara uku yana da iyayen gida uku ke nan, kuma ba zai iya faranta musu rai a lokaci ɗaya ba.

Sharaɗin ramuwa

Matsala ta biyu ita ce ta fi rikita 'yan kallo. Sau da yawa zakara ba ya ba wani damar taɓa kambunsa sai ya sa wani sharaɗi a cikin takarda: in ka buge ni, dole ka sake tsayawa in rama. Wannan shi ne sharaɗin ramuwa. Wanda ya sa hannu a kai ya ɗaure kansa, kamar manomin da ya karɓi kuɗin taki a kan zai biya da shinkafa. Ranar girbi ba shi da ikon kai wa wani, ko da wancan ya fi saye da tsada.

Joshua da kansa ya ci moriyar wannan sharaɗi. Ranar 1 ga Yuni 2019, a birnin New York na Amurka, wani mai suna Andy Ruiz ya buge shi a turmi na bakwai, ya kwashe ɗamarunsa uku. Duniya ta yi mamaki, don Ruiz mai ƙiba ne, kuma an ɗauko shi ne ya maye gurbin wani. Amma takarda ta ɗaure Ruiz. A watan Disamba na wannan shekara suka sake haɗuwa a Saudiyya, Joshua ya ci da maki, ya karɓo kayansa.

Wannan sharaɗin ne kuma ya rusa babban wasan da kowa ke jira. Ga yadda abin ya faru. Fury ya kara da Deontay Wilder na Amurka a Disamba 2018, aka tashi babu wanda ya ci. A Fabrairu 2020 suka sake, Fury ya yi masa dukan tsiya har aka tsayar da wasa a turmi na bakwai. A takardarsu akwai damar karo na uku. Sai annobar korona ta zo ta tsayar da wasanni. Da lokaci ya ja, mutanen Fury suka ce wa'adin sharaɗin ya wuce, suka juya wajen Joshua. Ciniki ya yi nisa, har Fury ya sanar cewa za a yi wasan ranar 14 ga Agusta 2021 a Saudiyya. Wanda ya ci zai haɗe ɗamaru huɗu duka.

Wilder bai yarda ba. Ya kai ƙara gaban mai sasanci. A watan Mayu 2021 aka yanke hukunci cewa dole Fury ya fara tsaya wa Wilder. Nan take wasan Saudiyya ya watse.

Magoya bayan Joshua suka ce Fury ya san da wannan ƙara tun farko, ya ɓata wa mutane lokaci. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don mutanen Fury sun raina ƙarar. Amma wanda hukunci ya hau kansa ba a ce masa ya gudu. Kuma wanda aka tura shi wajensa ba kanwar lasa ba ne. A wasan na Oktoba 2021 Wilder ya kai Fury ƙasa sau biyu, kafin Fury ya kashe shi a turmi na 11.

Shi kuwa Joshua, da wasan ya watse sai hukumar WBO ta ce ga nata mutumin, Oleksandr Usyk na ƙasar Yukren. Joshua yana iya ajiye ɗamarar ya kauce. Bai kauce ba. A Satumba 2021 Usyk ya cinye shi da maki a Landan. Joshua ya ɗauko sharaɗin ramuwa, suka sake a Jidda a Agusta 2022, Usyk ya sake cinye shi. Matsoraci ba ya komawa sau biyu wurin da ya sha kashi.

Rabon kuɗi

Matsala ta uku kuɗi ne. Ana tara kuɗin ƙofa da na talabijin a raba wa 'yan damben biyu, amma ba daidai ba. Wanda ya fi jawo 'yan kallo yakan ce shi ne zai ɗauki kaso mai tsoka. A 2018 mutanen Wilder sun ce za su ba Joshua dala miliyan 50 ya zo su kara. Aka yi ta ja-in-ja a kan wurin wasa da sauran sharuɗɗa, har maganar ta mutu. Kowane ɓangare ya ce ɗayan ne ya gudu.

A Maris 2023 haka ta faru tsakanin Fury da Usyk. Fury ya ce sai dai ya ɗauki kashi 70 cikin ɗari. Usyk ya amince da 30. Duk da haka ciniki ya lalace, kuma mutanen Usyk suka ce a kan rabon kuɗin wasan ramuwa ne aka saɓa. Wato an yi faɗa a kan wasa na biyu alhali ba a yi na farko ba. Sai da Saudiyya ta zuba kuɗi masu yawa sannan suka haɗu a Riyad ranar 18 ga Mayu 2024. Usyk ya ci, ya haɗe ɗamaru huɗu. Rabon da a ga zakara guda tilo a wannan aji tun Lennox Lewis a 1999.

Abin bai daɗe ba. Sharaɗin ramuwa ya ɗaure Usyk ga Fury, ita kuma IBF tana da nata mai jiran gado. A watan Yuni Usyk ya ajiye ɗamarar IBF, ta koma hannun Daniel Dubois. Dubois ɗin nan ne ya kashe Joshua a turmi na biyar a filin Wembley, a Satumba 2024. A Disamba Usyk ya sake cinye Fury, sannan a Yuli 2025 ya kashe Dubois ya karɓo ɗamarar da ya ajiye.

Ana gudu kuwa?

Ana yi, sai dai ba kamar yadda ake faɗa a teburin mai shayi ba. Manaja yakan duba haɗari ya duba riba. In abokin karawa yana da hannu mai nauyi amma ba ya jawo kuɗi, sai a yi ta kawo sharuɗɗan da aka san ba zai karɓa ba. Ko a gidan damben gargajiya akwai irin wannan, inda babban ɗan dambe zai ce wa mai nemansa, je ka fara buge yarona tukuna.

Misalin da masu bin dambe suka fi kawowa shi ne na Riddick Bowe. A gasar Olamfik ta 1988 Lennox Lewis ya buge shi. A Nuwamba 1992 Bowe ya ci Evander Holyfield, ya zama zakaran duniya. Hukumar WBC ta ce dole ya kara da Lewis, kamar yadda aka tsara tun kafin wasan. Ba a daidaita a kan kuɗi ba. A watan Disamba Bowe ya tara 'yan jarida a Landan, ya jefa ɗamarar WBC cikin kwandon shara a gabansu. Hukumar ta miƙa wa Lewis kambun ba tare da ya kai naushi ko ɗaya ba. Babu mai sasancin da ya hana Bowe, babu takardar ramuwa da ta ɗaure shi. Har suka yi ritaya su biyun ba su sake haɗuwa a fili ba.