Tsarin Rubuta Takardar Neman Tallafin Bincike a Fannin Harshe da Yaƙi da Jahilci

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsara takardar neman tallafin kuɗi domin aikin bincike, musamman a fannin nazarin harsunan ƙasa da karatun manya. Dokar shekarar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma a Nijar, sa'an nan kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora wa Hausa matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi yana bukatar ƙamusoshi, da keɓaɓɓun kalmomin mulki da shari'a da kimiyya, da littattafan koyarwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai samu ba tare da bincike ba. A cikin wannan shekara ta 2025 ne kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, Amurka ita ma ta rufe hukumarta ta ba da taimako, watau USAID. Aiki ya ƙaru, wasu ƙofofin da aka saba ƙwanƙwasawa sun rufe. Saboda haka tilas mai bincike ya ƙware wajen rubuta takardar da za ta yi magana a madadinsa a gaban kwamitin da bai san shi ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Dogaro da tallafi ba sabon abu ba ne a tarihin bincike a Yamai. Cibiyar IRSH ta samo asali daga reshen IFAN da aka buɗe a 1944, aka mayar da ita cibiyar ƙasa a 1964, aka haɗe ta da Jami'ar Yamai a 1974. Cibiyar CELHTO kuwa an kafa ta a 1968 da taimakon UNESCO, domin tattara tarihin baka da za a yi amfani da shi wajen rubuta babban tarihin Afirka, kafin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta karɓe ta a 1974. Taron Bamako na 1966 a kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, da taron Yamai na 1978 a kan baƙaƙen Afirka, UNESCO ce ta kira su. Taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa na watan Janairu 1980, wanda ya haɗa masana daga Nijar da Nijeriya, shi ma a Yamai aka yi shi ƙarƙashin inuwar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka.

Shugabannin Afirka sun amince a Shirin Legas na 1980 cewa kowace ƙasa ta riƙa ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa domin bincike, amma yawancin ƙasashen ba su kai ga haka ba. Shi ya sa mai bincike yakan ƙetaro gadar Kenedi daga harabar Jami'ar Abdu Mumuni zuwa unguwar Filato, inda ma'aikatun gwamnati da ofisoshin ƙungiyoyin duniya suka taru, ɗauke da takardarsa. Yau galibi ta intanet ake aikawa, amma abin da ake dubawa a cikinta bai canja ba.

3.0 Sanin Wanda Ake Roƙo

Kowace hukuma mai ba da tallafi tana da abin da aka kafa ta dominsa, kuma ba ta da ikon fita daga cikinsa komai kyan aikin da aka kawo mata. Misalai uku za su isa.

Shirin ELDP, wanda gidauniyar Arcadia ta kafa a 2002 a Landan, ya koma Balin a 2021, an yi shi ne domin adana harsunan da ke fuskantar ɓacewa. Wanda ya kai masa aikin nahawun Hausa ya yi ɓatan kai, domin masu jin Hausa miliyoyi ne. Wanda ya kai masa aikin ɗaukar maganar Tasawaƙ ta garin Ingal kuwa ya zo wurin da ya dace. Shirin ceton tsofaffin takardu na Laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004, yana biyan kuɗin ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗarin lalacewa, bisa sharaɗin cewa ainihin takardun ba za su bar ƙasarsu ba, hotunan kuma za a saka su inda kowa zai gani kyauta. Wannan ya dace da rubuce-rubucen ajami da ke hannun malaman zaure, irin waɗanda Bubu Hama ya fara tarawa, suka zama tushen sashen rubutun Larabci da ajami na IRSH. Majalisar CODESRIA da ke Dakar tun 1973 ta fi karkata ga ilimin zaman jama'a, kuma ta shahara da ƙananan tallafi ga masu rubuta kundin digiri.

Saboda haka aikin farko shi ne karanta sanarwar tallafin daga farko har ƙarshe, a fitar da waɗannan abubuwa: wa ya cancanta, nawa ne iyakar kuɗin, me aka hana saye, da wane harshe za a rubuta, shafi nawa aka yarda, yaushe za a rufe karɓa. Takardu da yawa a wannan mataki suke faɗuwa, tun kafin wani masani ya karanta su.

4.0 Sassan Takardar

4.1 Matsala da tambayar bincike

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kawo fage a maimakon tambaya. "Nazarin yaƙi da jahilci a Nijar" fage ne, ba ya da baki ba ya da iyaka, kuma kwamiti ba zai iya sanin ranar da za a gama shi ba. A ɗauki misali na ƙirƙira domin bayani. Mai bincike ya lura cewa wasu daga cikin waɗanda suka gama ajin karatun manya sukan manta karatun bayan ɗan lokaci. Tambayarsa tana iya zama kamar haka: a ƙauyuka 12 na jihar Maraɗi, mutum nawa ne daga cikin waɗanda suka gama aji shekara biyu da suka wuce suke iya karanta gajeriyar wasiƙa, kuma shin akwai bambanci tsakanin ƙauyukan da ke da abin karantawa da waɗanda ba su da shi? Wannan tambaya tana da wuri, da lokaci, da mutane, da abin aunawa. Amsarta kuma za ta nuna wa mai tsara shiri ko ya ƙara buɗe azuzuwa ne, ko ya fara buga littattafan bayan aji.

4.2 Waiwayen ayyukan da suka gabata

Wannan sashe yana nuna giɓin da aikin zai cike. Mai neman kuɗin haɗa ƙamus, alal misali, tilas ya nuna ya san ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙaramin Ƙamus na Abdu Mijinguini na 1987, da na Jami'ar Bayero na 2006, sa'an nan ya faɗi takamaimai abin da ya rage. Mai nazarin karin harshen Tawa ba zai tsallake littafin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar ba. Cewa "ba a taɓa yin bincike a kan wannan ba" kalma ce mai haɗari, domin mai yiwuwa ne ɗaya daga cikin alƙalan shi ne ya yi binciken. Jera sunaye kawai ba ya wadatarwa. Abin da ake so shi ne a ce wane ya tsaya a nan, wannan aiki zai ɗora daga nan.

4.3 Hanyar bincike

A nan ne kwamiti yake gane ko mai neman ya taɓa fita karkara. A misalin da ya gabata, za a bayyana yadda za a zaɓi ƙauyukan 12, da dalilin ɗaukar mutum 20 a kowane ƙauye, watau 240 gaba ɗaya, da irin wasiƙar da za a ba su su karanta. Tilas a rubuta ta bisa ƙa'idar rubutun da aka koya musu, wadda aka tabbatar a Nijar a 1999, kada a auna mutum da baƙaƙen da bai saba gani ba. Za a kuma bayyana cewa akwai mace cikin masu tambaya, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. Haka nan za a faɗi yadda za a nemi izinin hukuma da na mai gari, da yadda za a bayyana wa kowane mutum manufar aikin da harshensa kafin a ɗauki muryarsa, da yadda za a ɓoye sunansa.

4.4 Jadawalin aiki

Jadawali yana bin yanayin ƙasa. Daga Yuni zuwa Satumba mutanen karkara suna gona, wasu hanyoyi kuma ruwa yakan yanke su. Bayan girbi samari da yawa sukan tafi cin rani. Azumi da Salla su ma suna da nasu lissafi. Jadawalin da ya saka aikin ƙauye a watan Agusta ya tona asirin mai shi. Daɗin daɗawa, juyar da maganar da aka ɗauka zuwa rubutu aiki ne mai cin lokaci: sa'a guda ta hira tana iya cinye yini guda na marubuci. Wanda ya yi niyyar ɗaukar sa'a 30 ya ware aƙalla kwana 30 na aiki domin wannan kaɗai. Yana da kyau kuma a ambaci abin da zai iya hana ruwa gudu, kamar rashin tsaro a wani yanki, tare da ƙauyukan da za a koma idan hakan ta faru.

4.5 Kasafin kuɗi

Kasafi shi ne hanyar binciken da aka sake faɗa da alƙaluma. Duk abin da ke cikin hanyar bincike ya fito a kasafi, duk abin da ke cikin kasafi kuma a ga amfaninsa a hanyar bincike. Kowane layi ya nuna lissafinsa. A maimakon a rubuta "kuɗin ma'aikata", sai a rubuta: masu tambaya 3, kwana 40, sefa 10,000 kowace rana, jimla sefa 1,200,000. Haka za a yi wa man mota, ganin cewa daga Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, canjin kuɗi. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, don haka tallafin yuro 10,000 ya kama sefa 6,559,570. Dalar Amurka da fam na Ingila kuwa suna hawa da sauka, sai a rubuta farashin da aka yi lissafi da shi da ranarsa. Waɗanda suka ga karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994 sun san yadda kuɗin kayan da ake sayowa daga waje yake ninkawa a dare ɗaya. Na biyu, ƙidayar kasuwa da dala ake yin ta, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, jika ɗaya dala 200, watau sefa 1,000. Tilas a horar da ma'aikatan fili su riƙa rubuta takardun shaidar biya da sefa, in ba haka ba lissafin ƙarshe zai rikice. Na uku, a tambayi cibiyar da za ta riƙe kuɗin ko tana cire wani kaso na gudanarwa, a kuma duba ko mai tallafin ya yarda da shi.

Kumbura kasafi yana zubar da mutunci. Tsuke shi fiye da kima domin a burge kwamiti shi ma illa ne, domin aikin zai tsaya a tsakiya, rahoton da ba a kai ba kuma yakan rufe wa cibiya ƙofa a karo na gaba.

4.6 Sakamako da inda zai tafi

Hukumomin raya ƙasa da yawa suna bukatar jadawalin manufa da sakamako, tsarin da aka ƙirƙiro wa USAID a 1969 ya kuma bazu a duniya. Yana tambayar abu huɗu: me za a yi, me zai fito, da me za a gane ya fito, me zai iya hana shi. A nan sai a faɗi abin da za a iya ƙirgawa: maƙala ɗaya, taƙaitaccen rahoto da Hausa ga ma'aikatar da ke kula da yaƙi da jahilci, da komawa ƙauyukan a faɗa musu abin da aka gano. A kuma ambaci ma'ajiyar da za a ajiye muryoyin da aka ɗauka. Tsofaffin kaset suna lalacewa da zafi da ƙura, dattawan da suka yi magana a cikinsu kuwa ba za a sake samun su ba.

5.0 Harshe da Gyara

Taƙaitawar da ke shafin farko a ƙarshe ake rubuta ta, amma ita ake fara karantawa, wani lokaci ma ita kaɗai. Ta ƙunshi matsala, da tambaya, da hanya, da kuɗi, da amfani, cikin jimloli kaɗan. Ba dukan ƴan kwamiti ne masana harshe ba, don haka kowace keɓaɓɓiyar kalma a fassara ta a wurin da ta fara fitowa. Idan da Ingilishi ake karɓa, alhali mai neman da Faransanci ya yi karatu, to ya ware mako biyu ko uku domin fassara da dubawa. Takardun goyon baya daga shugaban cibiya da abokan aiki, ko a Kano suke ko a Sakkwato, a nemi su da wuri, domin sa hannun hukuma ba ya samuwa a yini ɗaya. Kafin aikawa a ba mutum biyu su karanta: masanin fannin, da wanda ba fanninsa ba ne. Inda na biyun ya tsaya yana tambaya, a nan gyara yake.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa takardar neman tallafi tana tsayuwa ne a kan dacewa da manufar mai bayarwa, da tambaya mai iyaka, da hanya da jadawali da kasafi waɗanda suka yarda da juna. Masu nema sun fi kuɗin yawa, saboda haka ko takarda mai kyau tana iya dawowa. Idan ta dawo, a nemi sharhin alƙalai, a gyara, a sake aikawa. Shawara ga cibiyoyin bincike ita ce su buɗe rajistar sanarwar tallafi da ranakun rufewa, su adana takardun da suka yi nasara domin matasa su koya daga gare su, su kuma kafa ɗan kwamitin cikin gida mai duba kowace takarda wata guda kafin ta fita.