Fadama da Hanya a Tarihin Ikara da Maƙarfi da Kudan

1.0 Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta game da tarihin ƙasar Zazzau ya tsaya ne a kan birnin Zariya da jerin sarakunansa. Garuruwan karkara kuwa ba a cika ambatonsu ba, sai fa in yaƙi ya bi ta kansu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba arewacin Zazzau, watau ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, a nuna cewa abubuwa biyu ne suka gina garuruwanta, su ne fadama da hanyar Kano, kuma a cikinsu ya kamata a nemi tarihin yankin da abin da ya gada. Za a bi batun gaɓa-gaɓa, kamar shan rake.

2.0 Yanayin Ƙasa

Yankin yana arewa da arewa maso gabas da Zariya, ya yi iyaka da ƙasar Kano. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai jefi-jefin duwatsu, wadda takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Da yawa daga rafukanta suna gangarawa kogin Galma, daga nan sai kogin Kaduna, sa'an nan Kwara.

Manomin yankin ya raba ƙasarsa kashi biyu. Akwai tudu, inda ake noman dawa da gero da masara da auduga da damina. Akwai kuma fadama, watau kwarin da ke riƙe laima bayan ɗaukewar ruwa, inda ake rake da shinkafa da tumatir da albasa. Mai tudu kaɗai aikinsa yakan tsaya da kaka, mai fadama kuwa ba shi da zaman rani.

Sunayen garuruwa ma shaida ne. Kurmin Kogi a ƙasar Ikara ya faɗi irin wurin da aka kafa shi. Doka a ƙasar Kudan sunan itacen da ya fi yawa a dajin wannan sashe ne. Garu ya ɗauko sunansa daga gini, Saulawa kuwa ɗafin -awa ya nuna sunan jama'a ne ya zama na gari.

3.0 Tsakanin Zazzau da Kano

Duk ayarin da ya tashi daga Kano ya nufi Zariya da ƙasar Nufe, ko ya komo, sai ya ratsa wannan yanki, kuma ta nan Baturen nan Kyaftin Kilafaton ya bi zuwa Kano a 1826. Zaman bakin hanya yana da riba, yana kuma da haɗari, domin hanyar da fatake suka bi ita mayaƙa kan bi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun addabi gabashin Zazzau da kudancin Kano. Ganuwa da ganuwar ƙaya da ake yi wa garuruwa a lokacin ba ado ba ne.

Bayan jihadi, a ƙarƙashin sarakunan Fulani, yawancin masu sarautar da ke riƙe da garuruwan karkara suna zaune ne a birni, jakadunsu ke kai da kawowa. Turawa sun kama Zariya a 1902, suka wuce Kano a 1903, daga bisani suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, suka tilasta wa kowane hakimi ya zauna cikin jama'arsa. Ta haka wasu garuruwa suka ɗaukaka, wasu tsofaffi suka koma baya. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Likoro da Gimi suka sami tasha. Hanyar mota ita ma ta haifi nata garuruwan, alal misali Tashar Yari, inda ake ratsewa zuwa Maƙarfi. A gyaran 1976 aka kafa ƙaramar hukumar Ikara, daga baya aka cire Maƙarfi, sa'an nan a 1996 aka kafa ta Kudan mai hedkwata a Hunƙuyi.

4.0 Rake da Mazarƙwaila

Abin da yankin ya fi suna da shi a ƙasar Hausa shi ne rake. Ya kamata a bambanta shi da takanɗa, wadda dangin dawa ce mai zaƙin kara. Rake gaɓarsa ake dasawa, yakan kusan shekara a ƙasa kafin a sara, saboda haka ba ya yi sai a fadama. Kalmar kanta ta yi kama da "ireke" ta Yarbanci, abin da ya cancanci masana aron kalmomi su bi diddiginsa.

Sana'ar mazarƙwaila tana da alaƙa da Gimi. A wajen 1914 mishan ɗin CMS, wanda Likita Mila ke jagoranta a Zariya, ya zaunar da wata jama'a a can, cikinsu har da Isawa, watau mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19. Mai kula da su, Rabaran Tomson, mutumin tsibiran Karebiyan ne, inda aka daɗe da sanin aikin sukari, shi ya koyar da matse rake da inji. Doki ke zagayawa yana juya injin, ruwan raken ya tsiyaye, a dafa shi cikin manyan kasake, ana kwashe kumfa, har ya yi kauri, sa'an nan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Busasshiyar tuƙar raken ita ce makamashi. Hikimar sana'ar ita ce, rake yana da nauyi kuma ba ya jure ajiya, mazarƙwaila kuwa jaki ɗaya ya ɗauki abin da gona ta bayar ya kai kasuwa mai nisa. Irin wannan tunani na sarrafa amfanin fadama a inda aka noma shi ne ya sa aka kafa masana'antar tumatir a Ikara a farkon shekarun 1980.

5.0 Ƙudan Tsando

Fadama ba ta rasa nata sharrin ba. Duhuwar bakin rafi ita ce mazaunin ƙudan tsando mai kawo ciwon barci. Cutar ta yi wa mazaunan Gimi mummunar ɓarna cikin 'yan shekaru, har waɗanda suka tsira suka tashi. Ita ce kuma dalilin shirin Ancau da aka fara a 1937, inda aka sare duhuwar rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka tayar da ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka gina sabon garin Takalafiya. Ancau tana ƙaramar hukumar Kubau ne, wadda ita ma daga Ikara aka cire ta. Don haka duk mai nazarin kufai a wannan yanki kada ya ɗora wa yaƙi alhakin kowane tashin gari.

6.0 Kammalawa

In aka ce kayan tarihi, hankali yakan tafi ga ganuwa da fada da takobi. Akwai darasi a garin Amalfi na bakin teku a kudancin Italiya, wanda ya yi tashen ciniki da Larabawa a ƙarni na 10 da na 11. Da hukumar UNESCO ta sa gaɓar tekunsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, ba gine-gine kaɗai ta duba ba, har da gonakin lemo da inabi da manoma suka sassaƙa a jikin duwatsu.

Bisa wannan ma'auni, fadamun Kudan da Maƙarfi da Ikara gado ne, haka ma injin doki, wanda injin mai yake ture shi. Kayan aiki in ya ɓace, kalmominsa sukan bi shi. Aikin da ke gaban malaman Hausa da ɗalibansu shi ne su tattara sunayen ire-iren rake, da kalmomin masu dafa mazarƙwaila, da sunayen fadamu da kufai, daga bakin dattawan da suka yi aikin da hannunsu, tun suna raye.